Zane Uku a Liyarin Goggo

Sallar asuba muna idarwa muka hau mashin daga Muchalla, ni da ɗan'uwana, liyarin Goggo ƙulle a aljihuna. Tsohon kuɗin azurfa ne mai kan sarauniya, wanda matanmu ke ratayawa. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ce a kai shi Mubi a sayar, don rufin ɗakinta yana yoyo.

Hanya kam sai haƙuri. Ruwan jiya ya cika mayo, wato rafin da ya ratsa hanya, muka tattare wando muka tura mashin, mai mashin kuma bai rage mana ko sisi ba. A bakin kasuwa muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon goruba da aka gwigwiye.

Mai sayen tsoffin kuɗin dattijo ne, shagonsa na bayan layin maƙera. Ya manna gilashin masu gyaran agogo a ido, ya daɗe yana juya liyarin. Ya ce gashin sarauniyar da ya shafe ba laifi ba ne, cin hannu ne da shekaru. Amma duk inda ƙarfe ya taɓa da gangan, a wurin masu tantancewa rauni ne: a goge da magagari, a sake zana gashi don ya fito, a cike huji. Sai ya nuna mini zane uku a bayan wuyanta, ya ce sun zubar da darajarsa warwas.

Na san zanen nan sarai. Kakanmu ne ya yi shi da bakin wuƙa, irin shaidar da yake tsaga wa shanunsa a kunne, ranar da ya ba Goggo liyarin za ta ɗakin miji.

Dattijon ya rage murya. "Ɗana, akwai maƙeri nan baya. Zai shafe shi sumul, mutanen Legas da nake sayar wa ba za su gane ba. Sai in ƙara maka kuɗi."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, "Baba, yanzu ka gama ce mini gogewa rauni ce. Wuƙar kakana laifi, magagarinka kuma gyara?" Ya ce kasuwa ce. Na ce to ya riƙe kasuwarsa. Ɗan'uwana yana ta taka mini ƙafa, ban ko kalle shi ba, na ƙulle abina.

Da la'asar muka dawo gida, babu kwanon rufi ko falle ɗaya. Tafiyar ta koya mini cewa masu gilashi na iya yanke wa azurfa daraja, amma ban ba kowa izinin share hannun kakana ba. Na zayyana wa Goggo komai, ina jiran faɗa. Ta karɓa ta mayar wuyanta, ta ce, "Gobe ka yanko ciyawa. Da ita aka rufe ɗakin da aka haife ni."