Ranar da na wanke wa direba gyaransa

Ɗazu na wuce masu wankin mota, dariya ta kama ni.

Farkon fitowar naira, ina wanke manyan motoci a bakin titin Birnin Gwari. Da aiki ya fi ƙarfin bokiti, na sayi tsohon injin feshin ruwan zafi wajen masu aikin hanya.

Na fara da motar Tanko, mai dakon dawa daga Randagi. Na fesa har ƙarƙashi, sai ga mai yana tsiyaya.

Tanko ya leƙa, ya ɗago a hankali.

"Malam Sale, ina sabuluna?"

"Wane sabulu, maigida?"

"Wanda na liƙe tanki da shi. Tun bara yake riƙe min mai."

Daga ranar, kafin in kunna inji sai direba ya nuna min ina datti, ina gyara.

Ku fa, me kuka taɓa liƙewa da sabulu?