Shekarar da Baba Ya Ga Wata Uku

Shekara da shekaru, a unguwarmu ta Titirou da ke Parakou, idon Baba ne ke tsayar da azumi. In ya ce ya ga wata, ko rediyo ba a jira. Malami ne, ba gona ba shago, idon nan shi ne girmansa.

Da hayaƙi abin ya fara. Kullum sai ya ce an turnuƙe masa gida, alhali murhu a kashe yake. Innarmu ta sha faɗa har ta kwashe tukwanenta ta koma girki bayan katanga. Ni ina gidan aurena a Djougou, labari nake ji ina dariya. Yau in na tuna dariyar nan kunya nake ji.

Ranar duban watan azumi jama'a suka taru bayan magariba. Baba ya ɗaga kai ya daɗe, sannan ya sanar cewa ya gani, har guda uku, a jere kamar ayaba. Wani mai bakin tsiya ya tambaya wanne za a bi. Aka kwashe da dariya, Baba ya shige gida, kwana biyu bai fito ba.

Na zo Parakou na ja shi asibitin ido. Ya yarda ne bisa sharaɗin a ce rakiyata ya yi. Likitar, wata matashiya, ta tambaye shi ko idon na ciwo, ko yana ja, ko yana kwantsa. Duk ya ce a'a. Ta sa ya rufe ido ɗaya ya dubi fitila, ya ce har yanzu uku ne. Ta haska masa tocila ta kira ni in gani: tsakiyar idon, inda ya kamata a ga baƙi, ya yi fari-fari kamar ruwan shinkafa. Ta ce yanar ido ce, katarak, kuma ana cirewa.

Da yake ba ya karatun boko, ta nuna masa allon gwajin idon nan mai harafi ɗaya mai ƙafa uku, ya faɗi inda ƙafafun suka dosa. Baba ya ƙura wa na sama ido.

"Shaddar Larabci ce, 'yata, amma an bar ta ba harafi a ƙarƙashi. Wa ya koya miki rubutu?"

Ta sauko layi na biyu, ya ce ai nan ba a rubuta komai ba. Ban iya dariya ba.

Aka yi aikin. Shekara ta zagayo, muka fita duban wata, Baba ya riga kowa nunawa.

"Ga shi can. Ɗaya ne."

Liman ya ce Allah ya saka da alheri, bari dai a ji rediyo. Baba ya kama hannuna, ko da yake yanzu ba ya buƙatar jagora, muka koma gida. A zaure ya tsaya ya ce in je in gaya wa Inna ta dawo da murhunta ciki.