Abokin Ƙafar Kawu Arvid

Yaushe rabonka da auna ƙafarka? Ba lambar nan da ka haddace tun kana saurayi nake nufi ba, wadda kake jefa wa mai shago tun kafin ku gaisa. Ina nufin ka tuɓe takalmi ka hau ma'auni da ƙafa biyu. Mafarauta goma sha ɗaya na kwarinmu na yi wa wannan tambayar. Tara suka yi mini dariya, ɗaya ya ce tun ranar da ya shiga soja, ɗaya kuma ya ɗauki hularsa ya bar wurin. Wannan na ƙarshen shi ne kawuna, Arvid Kettunen.

Ƙanin mahaifiyata ne. A nan yammacin Montana aka haife shi, a nan ya yi aikin saran katako har bayansa ya ce ya gaji. Shi ya koya mini harbi, shi ya koya mini yadda ake feɗe barewa a kan dutse a goyo naman zuwa ƙasa. Ba ya son surutu, ba ya son sukari a kofi, ba ya son a taɓa masa wuƙa. Yana saurayi wani gungume ya mirgino ya danne masa ƙafar hagu. Ta warke, amma ta baje kamar fanke. Tun daga nan hagunsa lamba goma sha biyu take ci, damarsa lamba goma.

Wannan ƙafar ce ta haɗa shi da Duane Etchart, mai kiwon tumaki a ƙarshen kwari. Shi Duane doki ne ya taka masa ƙafar dama, don haka tasa matsalar ta zo a juye: dama goma sha biyu, hagu goma. Wata rana, shekara talatin da ɗoriya ke nan, suka yi kiciɓis a shagon takalma na garinmu, kowa yana roƙon a sayar masa da wari-wari. Mai shagon ya gaji da su, ya dire kwali biyu a kan kanta, ɗaya goma ɗaya goma sha biyu, ya ce su je waje su daidaita. Suka yi musanya a bayan a-kori-kurar Duane. Tun ranar, duk sanda takalma suka ƙare tare suke zuwa saye, kuma kowa a gari ya san Duane da sunan abokin ƙafar Arvid.

Ban da ƙafa, babu abin da suka taɓa yarda a kai. Bindiga, kare, hanyar da ta fi kusa, duk gardama ce.

"Kai mai warin tumaki, matsa can," in ji Kawu idan suka shiga mota.

"In matsa ina? Ƙafarka ta cinye rabin motar, tsoho."

Ni kuwa halina ƙirga abu. Na san nauyin jakata kafin in goya ta, na san yawan harsashin da ke aljihuna, na san safa nawa ke cikin kayan kowa. Don haka ni na fara lura. Duk kaka idan muka sauko daga dutse, Kawu yakan zauna a baranda ya tsoma ƙafafunsa a cikin bahon ruwan ɗumi. Na fara ƙirga faratan da suka yi baƙi suka faɗi. Shida cikin kaka huɗu, kuma dukansu a ƙafar dama, wato ƙaramar. Ta hagu, wadda gungume ya danne, ko ƙwarzane babu.

Na ce, "Kawu, takalmin dama ya yi maka kaɗan."

Ya ce, "Dutse ne. Dutse yana cin farce."

"Dutsen ƙafar dama kaɗai yake gani?"

"Renna, je ki ƙirga kajin maƙwabta."

Bara abin ya kai ga a gangaren ƙarshe da baya-da-baya ya sauko, yana dafa itatuwa, ni na goyo rabonsa na nama.

Sai ga shi bana ƙuri'a ta faɗo masa: izinin farautar bunsurun dutse. Tun kafin in iya tafiya yake saka sunansa. Yanzu shekarunsa sittin da takwas, kuma shi da kansa ya san da wuya ta sake faɗo masa yana da sauran gwiwa. Bunsurun dutse kuwa ba ya zama inda barewa take. Can saman tsauni yake, inda babu itacen dafawa, sai tsakuwa mai zamewa. Hawa ba ya tsorata ni. Saukowa da kaya a baya, yatsu suna dukan gaban takalmi a kowane taku, shi ne abin da na san ƙafar nan ba za ta iya ba. Ko dai a gyara maganar takalmi, ko takardar izinin ta mutu a aljihunsa.

Takalman Kawu da na Duane sun riga sun sha jiki, don haka zuwa shago dole ne. Na riga su, na sami Marlys, 'yar mai shagon nan na da, wadda ta gaje shi. Na gaya mata lissafin farata. Ta ce in kawo su da yamma, bayan sun wuni a tsaye, lokacin da ƙafa ta kumbura ta kai girmanta na gaskiya.

Muna shiga Kawu ya ce, "Kamar kullum, Marlys. Goma da goma sha biyu."

Ta ce, "Baba Arvid, yau ba na sayar wa kowa sai na auna." Ta miƙo jakar goyo mai buhun gishirin shanu a ciki. "Goya wannan, ka hau ma'auni."

"Ubanki bai taɓa auna ni ba."

"Sau ɗaya ya auna ka, lokacin kana da gashi."

Duane ya bushe da dariya har da buga kanta. "Hau mana! Ko tsoron ƙarfe kake ji?"

Wannan ce ta sa ya hau. Hagu, goma sha biyu, ba canji. Marlys ta matsa ma'aunin zuwa dama, ta duba, ta sake dubawa.

"Goma sha ɗaya da rabi. Tafin ya kwanta, ƙafar ta miƙe. Haka take yi wa mutane da yawa in shekaru da kaya sun taru. Kwali ɗaya ya ishe ka yanzu."

Na zaci zai yi murna. Sai na ga ya sauke jakar a hankali, bai kalli Duane ba.

"Ma'auninki ya lalace," ya ce. "Ba mu biyun nan mu tafi."

Nan na gane ashe ya daɗe da sani. In ya koma kwali ɗaya, Duane ya rasa abokin musanya.

Duane ya daina dariya. Ya zauna a benci ya fara kwance igiyar takalminsa na hagu. "Bari in gwada ma'aunin, mu ga ko lalacewar ya yi."

Da ya zare takalmin na leƙa ciki. Ya cire shimfiɗar cikin gaba ɗaya don ya sami wuri. Safar da ke ƙafar siririya ce kamar ta zuwa coci, alhali ta dama mai kauri ce ta ulu. Da ya tuɓe ta, farata biyu baƙi ƙirin.

Marlys ta auna. "Goma sha ɗaya da rabi."

Kawu ya daɗe yana kallon yatsun nan.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da wuta ta ci dajin arewa."

"Kai wane irin sakarai ne? Me ya hana ka magana?"

"In na yi magana wa zai kwashi ragowarka? Ka tara takalma gwauraye a bayan ƙofa? Kai me ya hana ka?"

"Ni na ɗauka makiyayi ba shi da wayon da zai iya sayen takalmi shi kaɗai."

"To ga mu nan, jakai biyu."

Daga nan aiki ya koma hannun Marlys, ni kuma ina ƙirgawa. Iri biyar suka gwada. Kowanne sai an tura ƙafa gaba ba a ɗaure ba, a ga ko yatsa ɗaya zai shiga bayan dunduniya. Sannan a ɗaure tamau, a goya gishiri, a sauko katakon gangare da ke bayan shagon. In yatsu sun taɓa gaba, a mayar. In dunduniya tana ɗagawa, a mayar. Uku suka faɗi a gangare, ɗaya ya matse wa Kawu faɗin hagu. Na biyar ya zauna, da ƙarin siririyar shimfiɗa a ƙarƙashin ƙaramar ƙafar. Bayan sun gama zagin zaɓin juna, iri ɗaya suka ɗauka, lamba ɗaya.

Sauran damina Kawu ya yi ta hawa tudun bayan gidansa da buhun gishiri har fatar sabon takalmin ta yi laushi. Da kaka ta shigo, Duane ya kai mu gindin tsauni da dawakansa ya zauna gadin sansani, yana ƙorafin kofinmu. Kawu ya sami bunsurunsa a wani lungun dutse da ƙanƙara ta fara rufewa, harbi ɗaya. Muka raba nama da fata, ya goya nasa kason da kansa, ya sauko tsakuwar nan fuskarsa na kallon gaba.

A sansani na sa shi ya tuɓe takalmi da safa. Na ƙirga faratan a fili, Duane yana amsa mini kamar ɗan makaranta. Goma cikin goma, babu baƙi, babu bororo.

A nan ne na ga harafin D da aka karta a cikin harshen takalminsa na hagu.

"Kawu, wannan ai na Duane ne."

"To? Mun yi musanya a bayan mota, kamar kullum."

"Lamba ɗaya ne fa, iri ɗaya!"

Duane ya ce, "Nasa ya fi daɗi. Ke dai zuba mana kofi."

Ni ma na hau ma'aunin Marlys daga baya, na tarar rabin lamba ta ƙaru mini ban sani ba. Don haka ina roƙonka, yau da yamma ka goya wani abu mai nauyi, ka tsaya a kan ma'auni, ka auna ƙafa biyun ɗaya bayan ɗaya. In kana da wanda kuke hawa dutse tare, ka ja shi ku je, ka sa shi ya cire safa a gabanka.