Gottlieb Rehkopf da Motar Noman da Ba Ta Zo Ba

Ran Talata, sha bakwai ga Nuwamba, 1953, Allah ya yi wa Gottlieb Rehkopf rasuwa a gidansa da ke bayan coci. Ya tafi yana jiran cika alkawarin da kamfaninmu ya yi masa tun shekara ashirin da suka wuce. A cikin injiniyoyin da suka ci miyar waken gidansa, ni kaɗai na tsaya a bakin kabarinsa. Sauran suna da motoci yanzu, amma hanyar ƙauye ta yi musu nisa.

Gottlieb, ka tuna zuwanmu a bazarar 1933. A lokacin an hana ƙasarmu ƙera tankar yaƙi, don haka duk takardunmu suka kira ta motar noma. Muka sauke ta a bakin gonarka ba rufi, ba bindiga, ƙarama ce mai tafiya a kan sarƙa. Shugabanmu ya ce idan ka ba mu aron gonar don gwaji, ta farko da za ta fito kasuwa taka ce. Ka zagaya ta, ka leƙa ƙarƙashinta, ka ce, "Injiniya, to ina za a ɗaura garmar?" Shugaban ya nuna maka ƙugiyar baya, ka gamsu.

Ba ka taɓa barinmu da yunwa ba. Kullum da rana matarka Hedwig takan kawo burodi da miya har bakin gona. Injin namu ba shi da ƙarfi, yakan yi zafi ya tsaya, sarƙar kuma takan zame in an juya da sauri. Duk sanda ta kafe a laka, kai ne kake zuwa da dawakinka ka ja ta, kana dariya.

"Wannan jaririyar taku, ita za ta yi min noma, ko ni zan goya ta?"

Muka ƙara mata tayoyi, muka sauya inji, muka yi ta kai da kawowa a kan ƙasarka har ta daskare kamar daɓe. Sannan muka koma birni, muka ɗora mata rufin ƙarfe mai juyawa da bindigogi biyu. Mutum biyu take ɗauka, ƙarfenta kuma ba kauri, don an ce ta koyo ce kawai. Da ita aka shiga yaƙi.

Ka gan ta a majigi tana wucewa a fareti. Hedwig ta ce ka fito ka wuce gida kai tsaye.

Bayan yaƙi na dawo maka da ƙafa, gidana ya ƙone, takardun shaidar karatuna ba sa sayen dankali ko ɗaya. Soja sun kwashe dawakinka, ɗanka Eckhard bai dawo daga fagen yaƙin gabas ba. Hedwig ta tsaya a ƙofa ta ce, "Maigida, ka ga wanda ya zo? Bai ji kunya ba." Ka ce, "Kunya ba ta hana cin abinci. Zuba masa."

Da lokacin huɗa ya yi, babu dabbar da za ta ja garma. Ka ɗauko igiyar doki ka rataya min a ƙirji, 'yarka Irmgard ta kama ɗaya gefen, kai ka riƙe garma. Maƙwabta suka taru a shinge suna kallo. Ka ɗaga murya:

"Jama'a, ku zo ku gani! Motar noman da aka yi min alkawari ta iso. Ba ta shan mai, miya take sha!"

Kowa ya yi dariya, har Hedwig. Ni ma na yi. Garmar ta ƙi shiga ƙasa, ni kuwa na san abin da ya daskarar da ita. Wannan barkwancin shi ne iyakar hukuncin da ka yi min, kuma da ka zage ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu kamfanin yana ƙera motocin noma na gaskiya. Na je ofishinsu na ambaci sunanka. Wani mai taye a wuya ya ce a iya saninsu ba a taɓa yin gwaji a ƙauyen nan ba. Da na dawo ka tambaye ni, na faɗa maka. Ka ce, "Ƙyale su, Injiniya, wataƙila baɗi."

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da mu ba mu bar ka ka samu ba. Hedwig, Irmgard, da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku.

Gonar tana nan a bayan coci. Rabinta har yau ciyawa kawai take fitarwa, kuma motar noma ba ta taɓa shiga cikinta ba.