Takardar da na cire daga fayil ɗina

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabona da rubuta komai a shafin nan. Masu tambaya ta akwatin saƙo na ce musu ulsa ce. Ƙarya na yi muku.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da biyu ina aiki a ofishin ajiye fayil na wani asibiti a nan Jos. Likita ya rubuta sunan cuta, ni kuma in nemo lambarta a kundin lambobin cututtuka in rubuta a takardar farko ta fayil. Duk likitan da ya buɗe, abin da zai fara gani ke nan.

A ofishinmu babu sirri. Fayil ɗin wanda muka sani ya shigo, kafin azahar kowa ya ji abin da ke damunsa. Kuma ni ce kan gaba a wannan tsegumi, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ciwon ya fara da gajiya. Daga gidanmu a unguwar Congo-Russia zuwa bakin titi sai na tsaya sau biyu ina haki. Dasashina yana zubar da jini, fatata tana yin tabo ba tare da na bugu ba. Aka ƙara mini jini sau biyu, bai zauna ba.

Sai likitar jini ta ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙuguna. Zafin allurar nan ba na fatan maƙiyina ya ɗanɗana.

Bayan mako uku ta ce sunan cutar MDS. Ɓargona ya daina ƙera lafiyayyen jini, har ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun yi ƙasa. Ta yi ta bayani, ni kuwa hankalina yana kan lamba. Na san a kundinmu tana cikin babin da ya haɗa da ciwon daji.

Washegari fayil ɗin ya sauko ofis. Madam Rifkatu, wadda teburinta ke jikin nawa shekara tara, ita ta sa hannu ta karɓa. Da ta fita cin abinci na zare sakamakon ɓargon da bayanin likita, na ninke na jefa a jakata. A takardar farko na rubuta lambar ƙarancin jini na yau da kullum. Ko minti biyu ban yi ba.

Ban ma tsaya na karanta abin da na cire ba. Ashe a ciki likita ta rubuta da jan biro cewa duk ranar da na zo da zazzaɓi a kwantar da ni nan take, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ta faɗa mini da baki ma, ban ji ba.

Na daina zuwa wurinta, don kada a ga sunana a layin masu ciwon jini. Mijina ma ƙarancin jini na gaya masa, ya yi ta kawo mini zogale da hanta.

Bayan wata biyu zazzaɓi ya kama ni. Likitan da ke bakin aiki ya buɗe fayil, ya ga abin da na rubuta, ya ba ni maganin maleriya ya sallame ni. Ba shi da laifi ko kaɗan.

Kwana biyu aka dawo da ni ban san inda kaina yake ba. Cuta ta shiga jinina. Kwana goma sha shida na yi a gado, ruwa a hannu ɗaya, jini a ɗaya, ana jibga mini allurai masu tsada.

Likitar jini ta nemi takardunta ta rasa, ta tayar da ƙura. Aka duba littafin karɓar fayil, aka ga hannun Madam Rifkatu. Aka ba ta takardar tuhuma, saura shekara ɗaya ta yi ritaya. Na ji labari ina kwance, na yi shiru har kwana huɗu.

A rana ta biyar Madam Rifkatu ta zo daga gidanta a Kabong da faten acca a kula. Ta zauna a bakin gadona ta kama hannuna.

"Hajiya, na duba ko'ina, ban ga paper ɗin ba. In ni ne na ɓatar, ki yafe mini. Na kusa kashe ki."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce ta miƙo mini jakata daga cikin loka. Na ciro takardun na sa a cinyarta. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tashi ta fita.

Na faɗa wa likita da shugaban ofishinmu komai. An janye tuhumar, an rage mini matsayi. Likita cewa kawai ta yi, "Fayil ɗin nan shi ne bakinki ranar da ba ki iya magana."

Yanzu ana mini allura duk mako. Ba a ce na warke ba, amma wata biyar ba a ƙara mini jini ba, kuma ina kaiwa bakin titi ba tare da na tsaya ba. Alhamdulillah. Na gode wa mijina, da ma'aikatan jinya, da abokan aikin da suka ba ni jininsu, waɗanda na ɓoye wa ciwona.

Shawarata: ku sa likita ya rubuta muku cikakken sunan cutarku, ku ɗauki hoton kowane sakamako a waya, mutum ɗaya a gida ya san gaskiya. Mai irin ciwona kada ya kwana da zazzaɓi. 'Yan uwana ma'aikatan fayil kuma, mu kama bakinmu. Tsoron bakin da ni na koya wa ofis ne ya kusa kai ni kabari.

Madam Rifkatu ta ce ta yafe mini. Amma ta roƙi a mayar da teburinta ɗaya ɗakin, kuma ban ga laifinta ba.