Kwanon da Aka Kai Kicin

Yayata Dagny mace ce mai haɗiye magana, kuma wannan halin nata ya daɗe yana ƙona mini rai. Shekara arba'in da biyu tana tatsar shanu a gonarsu da ke yammacin Denmark. Mijinta ya yi ta daka mata tsawa har ya mutu, ba ta taɓa ce masa kanzil ba. Ɗansu Preben ya gaji bakin uban, bai gaji aikin ba, ya tare a birni abinsa.

A lokacin kaka Dagny ta zame a garke ta karya ƙugu. Preben ya aiko da furanni. Wadda ta zo ita ce Nuria, wata 'yar ƙasar Sifen mai aikin sa-kai, wadda abinci da makwanci kawai ake ba ta. Wata uku ita ke tatsa, ita ke kwashe kashin shanu, ita ke yi wa Dagny wanka. Ko Kirsimeti ta fasa zuwa gida, don babu mai riƙe shanun.

Ranar jajibirin Kirsimeti Preben ya iso da matarsa. Ko takalmi bai cire ba ya hau ƙirga kujeru.

"Mama, abincin yau na 'yan gida ne. Yarinyar nan ta ci nata a kicin, ai za ta fi sakewa."

"Kai dai ba ka da kunya," na ce masa. "Ba don ita ba, da uwarka ta ruɓe a gado."

"Inna, ke ba kya gajiya da faɗa ne?"

Na dubi Dagny, ta sunkuyar da kai tana jera cokula. Ji na yi kamar in kife teburin. Nuria ta ɗauki farantinta ta fita tana murmushin dole.

Bayan naman agwagwa aka kawo shinkafa da madara, wadda ake ɓoye ƙwayar almon guda, mai kama da gyaɗa, a ciki, wanda ya tsinta kyautar shekarar tasa ce. Dagny ke zubawa, kuma tun Preben yana ɗan shekara huɗu almon ɗin bai taɓa ɓatan hanya ba, kullum a kwanonsa yake. Kowa ya sani. Shi kaɗai, da furfurarsa, yake ganin sa'a ce.

Ya cinye kwano ɗaya, babu. Ya ƙara, babu. A na uku ya sassauta bel yana gumi, ya jawo tukunyar ya kankare ta tas.

"Mama, mantawa kika yi ne? Tsufa fa ba wasa ba."

"Ban manta ba," in ji ta.

Sai ga Nuria ta leƙo, almon a tafin hannunta.

"Mama Dagny, yi haƙuri, na tsinci wannan a nawa. Ko faɗawa ya yi?"

Preben ya haɗe rai. "Wannan bai ci ba. Ai ba a tebur ta zauna ba."

Dagny ta dafa sandarta ta miƙe da kyar. Ta sa ƙunshin kyautar a hammata, ta ɗauki kwanonta.

"Ni 'yan gida kawai nake sa wa almon," ta ce masa. Sannan ta juyo gare ni. "Ke kuma, ɗauko kujerarki."

Na ɗauko. Muka bi Nuria kicin, muka bar su da teburin.