Dogo, Na Yi Shekara Sittin Ina Kishinka

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, katikis, mai koyar da addini a coci, ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce tsohon hedimastan makarantar cocinmu ya rasu. Jama'a suna kiranka Hedimasta. Ni kuwa da Dogo na san ka, tun muna aji ɗaya. Za su faɗi alherinka, kuma gaskiya za su faɗa. Ni zan ƙara da abin da ban taɓa furtawa ba: na yi kishinka tun muna yara.

Mu ashirin da uku Fada na farko, limamin cocin, ya tara a wani ɗakin ajiye hatsi, wanda yake coci ran Lahadi, aji ran Litinin. Na fi ka lissafi, kai ma ka sani. Amma kai Fada ya miƙa wa ƙararrawa, kai ya koya wa hidimar Misa, babbar addu'ar coci, kai aka fara turawa kwalejin malamai. Da makarantar ta kai aji shida aka nemi shugaba, sai aka ba ka ofis, ni aka ba ni tebur a bakin ƙofarsa. Shekara goma sha tara ina mataimakinka.

Shekarar da iska ta yaye rufin azuzuwa uku, tare muka hau tsani, har yau da tabon kwano a hannuna. Da Bishop ya zo sa wa sabon ginin albarka, sunanka kaɗai ya ambata. Na tafa tare da kowa, na koma gida na kasa cin abinci.

Duk da haka ban taɓa kama ka da mugunta ba, kuma na nema. Yaron da ya zo ba takalmi, kai ne kake aikensa wurin mai gyaran takalma da wani uzuri, a ba shi takalmi a can, don kada ya ji kunya. Da matata ta kwanta asibiti, wata biyu kana ɗaukar ajina bayan naka aikin, ba ka gaya wa kowa ba.

Bara, da cocin ya cika shekara saba'in, aka ɗora maka rubuta tarihinsa. Ka zo gidana da sandarka neman hoton ajinmu na farko, wanda ni kaɗai nake da shi. Na ce gara ta cinye. Yana cikin akwatina lafiya lau. Ka dube ni ka ce, "Ba komai, Malam, sunayen suna kaina."

Da littafin ya fito na buɗe shi ina neman inda ka yabi kanka. Sai na tarar da shafi biyu a kan makarantar 'yan mata da Sistocin coci suka buɗe, ka rubuta cewa ni na bi gida gida ina lallashin iyaye har aka sami ɗalibai tara na farko. Ni kaina na manta adadin. Maimakon in zo in gode, sai na ji haushi cewa ko a yafiya ma ka riga ni. Jiya na kai wa Fada na yanzu hoton. Na makara, na sani.

Ga uwargidanka, 'ya'yanka huɗu, jikoki, da dukan waɗanda suka zauna a gaban allonka, Allah ya ba ku haƙuri. Ubangiji ya gafarta maka, ya ba ka hutu na har abada, haskensa ya haskaka ka. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Ranar jana'izarka na ga tsofaffin ɗalibai sun cika coci har bakin titi, sai na kama kaina ina ƙirga su.